Yusuf Islam Ya Nema Ya Samu: Mu Da Muka Gada Fa?

 

A wannan mako zancen namiji na kawo muku filinmu na mata, namijin ma mawaƙi, mawaƙin ma Bature. Kada wata ta ce Malama ta rasa abin faɗa ne. Ku dai bi ni sannu a hankali, in mun kai ƙarshe za ku ga zancen namu ne.

Kwanan baya na je suna a unguwarmu. Muna zaune a tsakar gida ana ta hira, sai wata yarinya ta kunna wata waƙar yara ta Turanci, wadda ke koyar da baƙaƙen Larabci ɗaya bayan ɗaya. Wata Hajiya ta ce ai mai wannan murya babban mawaƙin Turai ne da ya musulunta, sunansa Yusuf Islam. Nan take aka ɗauki kabbara, kowa na murna. Ni kuwa da bakina ba ya shiru sai na ce, "Hajiya, ta yaya ya musulunta?" Wata ta ce mafarki ya yi. Wata ta ce wata Balarabiya ya aura ta jawo shi. Wata ta ce ina ruwanmu da dalili, tun da ya shigo ai shi ke nan.

Ana cikin wannan sai na hangi wata ɗalibata a bakin rijiya tana wanke kwanukan suna. Shekararta goma sha biyu, tana aji shida, tana cikin masu ƙoƙarin ajin, amma wata biyu ke nan ban sa ta a ido ba, an ɗora mata talla. Uwarta kuwa tana cikin waɗanda suka fi kowa ɗaga murya wajen kabbara. Tun daga ranar abin yake damuna, shi ya sa na ce bari in ba ku labarin mutumin nan yadda yake, sa'an nan mu auna kanmu.

An haife shi a birnin Landan ran 21 ga watan Yuli na 1948, sunansa na yanka Steven Demetre Georgiou. Ubansa Bagirke ne daga tsibirin Kubrus, uwarsa kuwa mutuniyar ƙasar Suwidin ce, suna da gidan sayar da abinci a tsakiyar birnin, a unguwar gidajen wasan kwaikwayo. Uban yana bin cocin Girkawa, amma yaron makarantar firamare ta 'yan Katolika aka sa shi. Yana da shekara takwas ko kusa da haka iyayensa suka rabu. Tun yana saurayi ya kama kaɗa jita, watau molon Turawa, ya laƙaba wa kansa suna Cat Stevens. A 1966 faifansa na farko ya fito, kafin ya cika shekara ashirin sunansa ya zaga Ingila.

Abin da samari da yawa ke mafarki ke nan, kuɗi da suna da 'yan mata suna ihu in ya fito. To, ana cikin wannan daula, wajen ƙarshen shekarun 1960, sai ciwon tarin fuka ya kwantar da shi. Ya yi watanni a asibiti, har an fara fid da rai, bayan an sallame shi ma ya daɗe yana jinya a gida. A kan gadon asibitin nan, yana ganin ana fita da gawar waɗanda suke kwance tare, ya fara tambayar kansa: in na mutu yau ina za ni, kuma mene ne amfanin duk abin da na tara?

Da ya warke ya koma waƙa, amma waƙoƙin sun sake. Faya-fayansa na 1970 da 1971 su ne suka kai sunansa Amurka da sauran duniya, aka sayar da miliyoyi, kuma yawancin abin da ke cikinsu zancen neman hanya ne, da zaman lafiya, da saɓanin uba da ɗa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara ma tsohuwar waƙar coci ce ya sake rerawa. A cikin waɗannan shekaru babu inda bai leƙa ba. Ya karanta littattafan addinin Buddha, har ya sa sunan Buddha a kan faifansa na 1974. Ya daina cin nama na wani lokaci. Ya shiga ilmin taurari da na lissafin lambobi. Duk wanda ya gwada sai ya ji ƙishirwar ba ta tafi ba.

A tsakiyar shekarun 1970 ya shiga teku iyo a wani wuri da ake kira Malibu, a jihar Kalifoniya ta Amurka, sai ruwa ya ja shi nesa da gaɓa, ƙarfinsa ya ƙare. Kamar yadda shi da kansa ya sha ba da labari, ya roƙi Allah ya cece shi, ya yi alkawari in ya tsira zai yi masa aiki. Sai igiyar ruwa ta taso ta bayansa ta turo shi wajen tudu. Ba a daɗe ba wansa Dauda ya dawo daga ziyarar birnin Ƙudus, ya ba shi kyautar Alƙur'ani mai fassarar Turanci.

A nan nake so ku tsaya ku lura, domin nan ne cibiyar zancen. Tsira daga ruwa ba ta musuluntar da shi ba, ta dai sa ya ɗauki alkawari, bai kuwa san yadda zai cika shi ba. Abin da ya yi shi ne ya zauna ya karanta littafin nan, shi kaɗai, fiye da shekara guda, a cikin harshen da yake ji, yana tsayawa yana tunani. Ya ce abin da ya fara kama zuciyarsa shi ne kaɗaita Allah, da kuma ganin sunayen annabawan da ya sani tun yana yaro a makarantar Katolika, su Annabi Ibrahim da Annabi Musa da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare su. Da ya zo kan ƙissar Annabi Yusuf, wanda aka sayar a kasuwa kamar haja, sai ya ga kansa a ciki, domin shi ma haka yake ji masu cinikin waƙa suna saye da sayar da shi. Ran 23 ga watan Disamba na 1977 ya je babban masallacin Landan ya yi kalmar shahada, a 1978 ya ɗauki sunan Yusuf Islam. Aure kuwa sai a watan Satumba na 1979 ya yi, a wannan masallaci. Kun ga ashe ba mace ce ta jawo shi ba, ba kuma mafarki ba ne. Karatu ne.

Na san wata za ta ce, "Haba Malama, shiriya ai ta Allah ce, ba ta takarda ba." Gaskiya ne, babu mai jayayya. Mutane nawa ne suka karanta littafin nan ba su ga kome ba? Amma Allah yakan sa wa kowane abu sanadi. Arziki ma na Allah ne, duk da haka ba mu taɓa ganin wadda ta ƙi hura wuta ta zauna tana jiran tuwo ya sauko daga sama ba. Da Yusuf bai iya karatu ba, da kyautar wansa ta zama abin ado a kan kanta, kamar yadda take a ɗakunan da yawa daga cikinmu: an naɗe ta da ƙyalle mai kyau, an ɗora bisa kabad, ba a saukewa sai in za a yi rantsuwa ko in watan azumi ya kama.

Mu an haife mu cikin addini. An yi mana kiran salla a kunne tun ranar da muka zo duniya, an sa mu makarantar allo, wasunmu har sun sauke. Wannan baiwa ce babba, ba na raina ta, kuma ba na raina kakanninmu da ba su san baƙi ba amma suka rayu da tsoron Allah fiye da mu. Sai dai ina tambaya, ni da ku baki ɗaya: Fatihar da muke karantawa aƙalla sau goma sha bakwai kowace rana, mu nawa ne za mu iya faɗin ma'anarta da Hausa in 'ya'yanmu suka tambaye mu? Na gwada wannan tambaya a ajina na yara fiye da hamsin, waɗanda suka amsa ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Kada ku ga laifin yaran. Ni kaina sai da na shiga kwalejin horon malamai na san ma'anar tahiyar da nake yi tun ina 'yar shekara bakwai, ranar kuwa kunya ta kama ni ƙwarai.

Abin gado ba a cika sanin darajarsa ba. Wadda ta gaji tukunya a ɗakin uwarta ba ta riƙe ta kamar wadda ta yi adashin shekara ta saya. Kuma mace da ba ta san addininta ba, kowa ya zo da rawani sai ya juya ta. Boka ya ce mata ta kawo baƙar kaza da kuɗi a mallake mata miji, ta kai. A cinye mata gadon ubanta a ce haka shari'a ta ce, ta yi shiru. A sake ta a kore ta daga ɗakinta cikin dare ba tare da an kula da haƙƙin iddarta ba, ta ɗauka ƙaddara ce kawai. Duk waɗannan abubuwa akwai hukuncinsu a rubuce, amma rubutu ba ya amfanin wadda aka hana ta koyon karanta shi.

Yanzu ku dubi abin da Yusuf ya yi bayan ya musulunta. Ya fito a dandalin waƙa na ƙarshe a watan Nuwamba na 1979, a wani taron taimakon yara, sa'an nan ya yi gwanjon kayan kiɗansa ya ba da kuɗin sadaka. Da Allah ya ba shi haihuwa, 'ya mace ce ta fari. Waƙar nan da muka ji a gidan suna, dominta ya tsara ta, don ta koyi baƙaƙe tare da sunan Ubangijinta. Da ta isa shiga makaranta ya duba bai ga inda za ta sami boko da addini a haɗe ba, sai a 1983 ya buɗe makarantar firamare mai suna Islamia a arewa maso yammacin Landan, da yara ƙalilan. A 1989 aka ƙara da sakandaren 'yan mata. Shekara goma sha biyar ana fama da hukuma kafin a 1998 gwamnatin Ingila ta yarda ta riƙa ɗaukar nauyin firamaren, ta zama cikin makarantun Musulmi na farko da suka sami haka a ƙasar. Yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar agaji ta Muslim Aid a 1985.

Ku auna wannan da kyau. Mutumin da muke yi wa kabbara, babban aikin da ya fara sa dukiyarsa a ciki shi ne makarantar da 'yarsa za ta shiga. Mu kuwa muna yi masa kabbara da baki, da hannu muna ɗora wa tamu 'yar farantin talla. In har muna alfahari da shi, to, da wane ɓangare na labarinsa muke alfaharin? Ina tsoron abin da ke faranta mana rai kawai shi ne a ce Bature mai suna ya shigo cikinmu, kamar dai addininmu yana jiran sa hannun Bature ne kafin ya tabbata.

Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne da za a ce sai daga Landan za mu koyo shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausan suka ga malaman da ke koyar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna koyar da mata, su ne 'yan taru. Yau kuma ba mu da uzurin harshe. Fassarar Alƙur'ani ta Hausa ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ta fito tun 1979, Shaihu Nasiru Kabara shi ma ya yi tasa, ga tafsiri a gidajen rediyo kowane azumi. Abin da Yusuf ya samu da Turanci, muna da shi da harshen da muka sha a nono.

Ba zan ɓoye muku sauran labarin ba, domin ban kawo shi a matsayin waliyyi ba. A 1989, lokacin rikicin littafin Salman Rushdie, ya yi wasu maganganu a bainar jama'a da aka ɗauka goyon bayan hukuncin kisa ne. Wasu gidajen rediyo na Amurka suka daina sa waƙoƙinsa. Daga baya ya sha cewa bai taɓa goyon bayan a kashe kowa ba, amma maganar ta bi shi shekara da shekaru. Darasin da na ɗauka a nan, musamman domin ƙannena 'yan makaranta, shi ne wanda ya fara karatu jiya kada ya yi gaggawar hawa kujerar alƙali. Baki shi ke yanka wuya.

Sai batun kiɗa. Ya ce lokacin da ya musulunta limamin masallacin ya gaya masa yana iya ci gaba da waƙa muddin babu alfasha a ciki, amma wasu suka ce masa haramun ne, sai ya zaɓi ya bari don gudun shakka. Fiye da shekara ashirin bai taɓa jita ba. A farkon shekarun 2000 ɗansa ya shigo da jita gida, ya ɗauka ya gwada. Ya koma ya bincika maganganun malamai, ya ga akwai saɓani a kan mas'alar, ya yanke wa kansa shawara. A 2006 ya fid da sabon faifai, shekara ashirin da takwas bayan na 1978. A 2023 ma ya yi waƙa a gaban dubban mutane a babban bikin Glastonbury na Ingila. Wasu Musulmi sun ji haushi sun ce ya koma gidan jiya, wasu sun ce ya gina gada ce tsakanin mutanen da ba sa jin maganar juna.

Ni ba malamar fiƙihu ba ce, ba kuma zan ba da fatawa a wannan fili ba. Kowace ta tambayi malamin da ta amince da ilminsa. Abin da na lura da shi dai shi ne, da barin da ya yi da komawar da ya yi, duka biyun sai da ya bincika, bai kuwa bar salla da makarantunsa ba. Mai karatu yana iya yin kuskure, amma yana da hanyar gyarawa. Wanda bai karanta ba ko ya yi daidai bai san dalili ba, in ya ɓata kuma bai san ya ɓata ba.

'Yan'uwana Kirista masu karanta wannan fili, kada ku ga kamar ban da ku. A makarantar coci Yusuf ya koyi karatu, a can ya fara jin sunayen annabawa. Tambayar da na yi wa kaina ita nake yi muku: abin da kuke faɗa ranar Lahadi, kun san ma'anarsa, kun kuma zaunar da 'ya'yanku mata kun koya musu?

To, me za mu yi? Matan aure, ban ce ku bar girki ku rungumi littafi ba, na san yadda aiki yake cin ranar mace. Amma minti goma bayan sallar asuba, kafin a hura wuta, ya isa a karanta aya biyar da fassararta. Wadda ba ta iya karatu ba ta sa 'yarta ta karanta mata, ita uwa ta ƙaru, ita 'ya bakinta ya faɗa. In akwai Islamiyyar matan aure ko ajin yaƙi da jahilci a unguwarku, ku nemi iznin maigida cikin ladabi, a lokacin da ransa ke sanyi, ku tuna masa cewa ke ce malamar farko ta 'ya'yansa. Ba a girma da neman ilmi. Yusuf yana da shekara ashirin da tara ya zama ɗan aji ɗaya a addini, bayan duniya duka ta san sunansa, bai kuwa ji kunya ba.

Ku kuma 'yan makaranta, na san kuna da mawaƙan da kuke so, kun haddace waƙoƙinsu tsaf, har da na harshen da ba ku ji. Ƙwaƙwalwar da ta iya wannan ba za ta kāsa riƙe ma'anar sura goma ba. Ku riƙa tambaya a aji. In malami ya ce abu kaza haramun ne ko halal ne, ku ce cikin ladabi, "Malam, a wane littafi za mu duba?" Malamin kirki zai yi murna da wannan tambaya. Kuma ku sani mutumin nan ya hau ƙololuwar abin da kuke gani a talabijin kuna sha'awa, ya dawo ya ce bai ƙoshi ba.

Iyaye maza da ke leƙa filin mata a ɓoye, na san kuna nan. Kuɗin tallan yarinya na wata guda ba zai sayi abin da za ta rasa ba in ta bar aji shida ba ta gama ba. Na san akwai talauci, ni ma a gidan da ake auna hatsi da gwangwani na tashi. Amma in tallan ya zama dole, a bari sai an taso daga makaranta.

Ita kuwa ɗalibata, na yi niyya ranar Asabar in je gidansu in gai da mahaifiyarta. Ba faɗa zan je yi ba, yaya ce a wurina, kuma na san ba don ƙin 'yarta ta yi ba. Zan ba ta labarin nan kamar yadda na ba ku, tun daga asibiti har zuwa makarantar da ya gina, sa'an nan in roƙe ta ta ba ni aron yarinyar zuwa ƙarshen shekara ta yi jarrabawa. Ku taya ni addu'a Allah ya sa ta amince. Wadda kuma take da irin wannan yarinya a gidanta ko a maƙwabta, ta yi abin da za ta iya.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.